Yadda ake tambayar "akwai wuri yau?" da Sifaniyanci

A ce ka sauka Madrid ba ka kama ɗaki ba, ko ciwon haƙori ya hana ka barci kana neman likita kafin rana ta faɗi. Kalmar da za ka fara riƙewa ita ce hoy, wato "yau". Ba a furta harafin h a Sifaniyanci, don haka "oi" za ka ce. In abin ya matsa, ka ce hoy mismo, yau ɗin nan.

Ka fara da gaisuwa: buenos días da safe, buenas tardes bayan abincin rana. Mutanen Sifaniya ma ba sa son a faɗo musu da buƙata babu sallama.

Sai tambayar da ke shiga ko'ina: ¿Tienen disponibilidad para hoy?, wato ko akwai wuri yau. Daidai take, amma tana da tsawo kuma tana karya harshen baƙo. Ni na fi son ka ambaci abin da kake nema kai tsaye. A otal: ¿Tienen una habitación libre para esta noche?, ko akwai ɗaki daren nan. A gidan abinci: ¿Tienen mesa para dos?, teburin mutum biyu. Ka dai sani mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe 9 na dare suke zama cin abinci, in ka je da magariba kana iya tarar da kicin a rufe. A tashar jirgin ƙasa: ¿Quedan billetes para hoy?, ko tikitin yau ya rage. A Mekziko boleto suke ce wa tikiti.

Wurin likita ko mai aski kuwa, abin da 'yan gari ke faɗa shi ne ¿Tiene algún hueco hoy? Ana furta hueco "weko", ma'anarsa gurbi, ɗan sararin da ya rage tsakanin mutum biyu a littafin layi.

Yanzu ka kasa kunne, don a amsar ake yin tuntuɓe. Estamos completos na nufin sun cika, no queda nada babu saura. Mai rikitarwar ita ce mañana: ita ce "gobe", ita ce kuma "safiya". Esta mañana safiyar yau ce, mañana kaɗai gobe ce, mañana por la mañana kuma gobe da safe. Mai karɓar baƙi zai faɗe ta da sauri yana duba kwamfuta, kai kuma ka gyaɗa kai ka zauna jira alhali gobe ya ce. Saboda haka ka maimaita masa: ¿Hoy o mañana?

In an ce akwai, tambayi lokaci da ¿A qué hora?, ka miƙa masa wayarka ya rubuta. In babu, bar lambarka ka ce Si alguien cancela, ¿me puede llamar?, wato in wani ya fasa a kira ka.