Yadda za ka riƙe kalmar tiburón, sunan kifin shak da Sifaniyanci

Ni ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Auyo, kuma duk rayuwata kifi mafi muguntar haƙori da na taɓa riƙewa shi ne tsage. Shak kam a talabijin kawai nake ganinsa. Ƙwallo ce ta haɗa ni da sunansa na Sifaniyanci. A gidan kallonmu, duk sanda Ferran Torres ya ci wa Barcelona sai ya kafa tafin hannu a ka, yara su yi ta kwaikwayo ba su san ma'anar ba. Ashe ƙayar bayan shak yake nunawa, wadda ke tsaga ruwa, domin jaridun Sifen El Tiburón suke kiransa.

Ka fara da baki, rubutu ya jira. Gaɓa uku ce: ti, bu, ron. Nauyin muryar a kan ta ƙarshe yake, ti-bu-RON. Mu Hausawa mun yi sa'a wajen harafin r, tunda iri biyu muke da shi. Ɗauki na barar almajiri, ba na baran gida ba, ka buga harshe sau ɗaya tak, kada ka karkaɗa shi. Ita kuma b ɗin sassauta ta za ka yi, leɓɓa su kusa haɗuwa amma kada ka matse. Wannan ya fi ba ni wuya, sai da na yi ta maimaitawa a kan hanyar fadama har ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya kake magana kai kaɗai?"

Sai rubutu. Ɗan karan da ke kan ó ba ado ba ne. A ƙa'idarsu, kalmar da ta ƙare da n nauyinta kan gaɓar kusa da ƙarshe yake faɗawa, to karan ne ke janyo shi ƙarshe. A waya ka danne o ka riƙe, zai fito. In ka yi jam'i kuwa, tiburones, karan ya tafi, don nauyin ya riga ya zauna a kan ro da kansa.

Kada ka haddace kalmar tsirara, haɗa ta da el, 'yar kalmar da ke zuwa gaban suna namiji (los in jam'i ne). El tiburón, los tiburones. Namiji ce ko da kifin mace ne, sai dai a ce el tiburón hembra.

Siffa a baya take zuwa, kamar mu ce kifi fari: tiburón blanco shi ne farin, tiburón martillo mai kan guduma, tiburón ballena kuma shi ne kifin da ya fi kowane girma a duniya. Jimla biyu sun ishe ka farawa. Vi un tiburón, na ga shak. Hay tiburones, akwai shak; h ɗin ba a furta ta, "ai" za ka ce.

Inda kalmar ta fi burge ni shi ne idan aka ɗora ta a kan mutum. A filin ƙwallo kirari ce, shi ya sa ake kiran ƙungiyar Junior ta Barranquilla a Kolombiya Los Tiburones. A kasuwa kuwa sai ka yi hattara. In aka ce wane es un tiburón, ana nufin mai haɗiye na ƙasa da shi ba tausayi, irin wanda mu za mu kira kura. Ni dai da dillalin da ke karya mana farashin busasshen kifi ranar kasuwar Haɗeja na liƙa kalmar, kuma tun daga ranar ban sake mantawa da ita ba.