Yadda na yi wa makullan gidanmu marataya da guntun katako da fenti

Kafin in yi wannan marataya, kusan kullum da safe sai an yi cigiyar makullin babur a gidanmu. Baban yara ya gama shiri tsaf, ya kafa hula, sai ki ji, "Wai ina makullina?" A ɗaga katifa, a zazzage aljihun rigar jiya. Ranar da aka tsamo makullin sito daga gindin randa, aikin autana, na ce to ya isa haka.

Katakon ma ban saya ba. Kafintan bakin layinmu na roƙa, ya zaro mini guntu daga cikin ragowar aikinsa, ya yanka shi tsawon inci 12, faɗin inci 5. Ki kula da kauri: kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci, in ba haka ba bakin ƙugiya zai ɓullo ta baya. Ki guji katakon nan na matsattsen gari da ake yin kabet da shi, da ya sha danshi sai ya kumbura. Sauran kayan su ne ƙugiyoyi biyar masu zare irin na noti, sanfefa mai kaushi da mai laushi, fensir, burushi babba ɗaya da siriri ɗaya, fenti, da banish. Duk za ki same su wajen masu kayan gini.

Tun katakon yana hannun kafinta, ki sa ya huda ramuka. Biyu a kusurwoyin sama don rataye shi a bango, biyar ƙanana a jere ta ƙasa, inci 2 tsakanin kowane biyu. Na farkon da na yi, sai da na gama zane sannan na murɗa ƙugiya da ƙarfin tsiya ba rami, katakon ya tsage tun daga gefe har tsakiyar zanen. Na yi takaici ranar.

Sai guga. Ki fara da sanfefa mai kaushi, ki ƙare da mai laushi, kina bin tsawon jijiyar katakon. In kika shafa tafin hannu kika ji sumul, ki goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, ki bar shi ya bushe. Daga nan ki shafa farin fenti shafi biyu, sirara, kada ki sa na biyu sai na farko ya bushe. Wannan farin shi ne ke sa launuka su fito da haske; in babu shi katako shanye su yake yi.

Ni fentin akirilik na fi so, don cikin rabin awa ya bushe, kuma ruwa ke wanke burushinsa muddin bai ƙame ba. Ragowar fentin mai na ƙofa ma yana yi, amma sai ya kwana, burushin kuma sai da kananzir.

Zanen da na zaɓa dagi ne, wanda muka tashi muna gani a bangon gidajen sarauta, da wuyan babbar riga, da kayan dukawa. A ido kamar mai sauƙi, amma gwada zana shi kai tsaye ki ga yadda ɓangare ɗaya zai fi ɗaya ƙiba. Dabarata ita ce in zana a takarda tukuna, in yi ta gyara har ya daidaita. Sai in cike bayan takardar da baƙin fensir, in ɗora ta a kan katakon, in bi layukan da biro ina ɗan dannawa. Da na ɗaga, ga dagin ya fito a kan farin.

Wurin da ake ɓata dagi shi ne mahaɗa. Ki ɗauka igiya ce guda: in ta hau kan 'yar'uwarta a nan, a mahaɗa ta gaba ƙarƙashi za ta bi. Kafin in taɓa fenti sai da na sa ɗigo a duk inda igiyar ke sama. Na cika dagin da kore, na yi wa gefen katakon dajiya da ja da rawaya, sannan a ƙarshe na zagaye komai da baƙin layi. Sirirarin burushina ya baje, sai na ƙarasa da tsinken tsintsiya, kuma wallahi layin tsinken ya fi tsafta.

In da hunturu kike aikin, kada ki shanya a tsakar gida. Ƙura za ta manne a ɗanyen fenti, ya koma kamar sanfefar da kika gama amfani da ita. Ki ajiye a ɗaki, ki kifa masa kwali. Washegari ki shafa banish shafi biyu a inda iska ke shiga, don warinsa na hawa kai. In ya bushe sarai, sai ki murɗa ƙugiyoyin.

Bangon siminti sai ƙusar kankare, ta katako lanƙwashewa take yi. Ki kafa katakon a bayan ƙofar falo, inda mai leƙe ta taga ba zai miƙo hannu ba, kuma sama da inda yaro zai kai ko ya taka kujera. A saman kowace ƙugiya na ɗiga launi daban: ja na babur, shuɗi na get, rawaya na sito. Baban yara har yanzu yakan manta nasa a aljihu, amma yanzu akalla mun san aljihun wa za mu bincika.