Fitilar hoto da kwalba da kyandir

Da ƙanwata za ta tare a Ringim, aljihuna ba nauyi, sai na haɗa mata fitilar hoto da hannuna.

Ki nemi kwalba mai faɗin baki, irin ta Bama, ki wanke ta tas. Hoton kuwa, kada a wanke miki shi a takarda mai sheƙi, haske ba ya ratsa ta. Wurin masu fotokwafi za ki, a buga miki a farar takarda. Ki dangwali man gyaɗa da auduga ki shafa a bayanta kaɗan-kaɗan har ta yi shara-shara, ki tsane man da tsumma. Ni hoton Inna na sa, tana tankaɗe a tsakar gida.

Ki naɗa shi a wajen kwalbar, ki ɗaure sama da ƙasa da zare. A waje fa, ba a ciki ba! Ki zuba yashi kamar kaurin yatsa biyu, ki kafa guntun kyandir a tsakiya. Ta farko da na yi, dogo na sa, harshen wutar ya lashi bakin kwalbar, ta tsage.

Kada ki rufe murfin, wutar za ta mutu. Ki ajiye ta nesa da zana da hannun yara.