Fara koyon asembli da Commodore 64, ko ba ka taɓa ganin injin ido da ido ba

Shirina na farko a harshen asembli, wato harshen da ake ba firosesar kwamfuta umarni kai tsaye da shi, bayit shida ne kacal: A9 01 8D 20 D0 60. Aikinsa ɗaya, ya mayar da gefen allo fari. Na sha rubuta abubuwa da Python kafin nan, amma sai a wannan daren na san abin da kwamfuta ke yi da kowace lamba da na ba ta. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce ya ajiye firosesar laftof ɗinsa tukuna, ya koma injin 1982.

Kwamfutar Commodore 64 ta fito ne a Amurka a 1982, da ma'adana mai kilobayit 64 da firosesa mai suna 6510, wadda 'yar gidan 6502 ce da kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975. Dangin wannan firosesa ne ke cikin Apple II da BBC Micro da na'urar wasa ta NES, don haka abin da ka koya a nan ba zai tsaya a inji ɗaya ba. Umarninta na hukuma 56 ne. Rajistocin da za ka riƙa aiki da su, wato ƙananan guraben ajiye lamba a cikin firosesa, uku ne, A da X da Y, kowace tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Babu umarnin ninkawa, babu na rabawa. Mutum zai iya riƙe injin nan gaba ɗaya a kansa, abin da ba zai yiwu da firosesar zamani ba.

Ba sai ka sayi komai ba. Ka sauke VICE, manhajar da ke kwaikwayon injunan Commodore, kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac. A cikin kunshin za ka ga manhajoji da yawa. Wadda kake so ita ce x64sc. Da ka buɗe ta, shuɗin allo zai bayyana yana sanar da kai cewa akwai bayit 38911 na BASIC, harshen rubuta shiri da ke zuwa a cikin injin, da kalmar READY a ƙasa. Kafin ka taɓa asembli, rubuta POKE 53280,1 ka danna shiga. Gefen allo zai koma fari. Ka zuba lamba 1 a adireshi 53280 ke nan, kuma na'urar da ke zana hoto tana duba wannan adireshin ne don sanin launin gefe. Rabin asembli ke nan: ɗauko lamba, ajiye ta inda ya dace.

Dole ka saba da lissafin sha shida, wanda ake sa wa alamar $ a gaba. Bayan 9 sai A, B, C, D, E, F, sannan 10. A wannan lissafin 53280 shi ne $D020. Kada ka zauna haddace jadawali. Ni takarda na manna a gefen tebur na rubuta adireshi huɗu: $D020 gefen allo, $D021 tsakiyarsa, $0400 farkon haruffan allo, $C000 inda zan ajiye shirina. Sauran sun shiga kaina da kansu.

Yanzu danna Alt da H. Wata taga za ta buɗe, ita ce monita, inda ake magana da firosesa kai tsaye. Rubuta wannan, layi bayan layi:

a c000 lda #$01
sta $d020
rts

Danna shiga a layin da babu komai don ka gama, rubuta x ka koma shuɗin allo, sannan ka ce SYS 49152, wato a gudanar da shirin da ke $C000. LDA ya ɗora 1 a rajistar A, STA ya sauke ta a $D020, RTS ya mayar da kai BASIC lafiya. Koma monita ka rubuta m c000, za ka ga bayit shidan nan da na faɗa. Lura cewa adireshin ya zauna 20 D0, ba D0 20 ba. Wannan firosesa ƙaramin ɓangare take sawa a gaba.

A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan na yi tuntuɓe, kuma kusan kowa a nan yake yi. Wata rana na sake rubuta shirin daga ka, sai gefen allo ya fito ruwan ɗorawa maimakon fari. Na duba, na sake dubawa, ban ga laifi ba. Ashe alamar # na manta. LDA #$01 na nufin ɗauko lambar 1 ita kanta. LDA $01 kuwa na nufin je adireshi na 1 ka ɗauko abin da ke ciki. A Commodore 64 abin da ke zaune a can yawanci $37 ne, na'urar hoto kuma rabin ƙarshe kawai take dubawa, wato 7, kuma 7 shi ne ruwan ɗorawa. Injin bai yi kuskure ba ko kaɗan, abin da na ce shi ya yi. Ina ba ka shawara ka yi wannan kuskuren da gangan yau, ka gani da idonka, don bambancin lamba da adireshi shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Abin da ya fitar da ni daga ruɗanin shi ne bin shirin taki-taki. A monita, break c000 zai tsayar da injin daidai bakin shirinka, z zai gudanar da umarni ɗaya, r zai nuna maka abin da ke cikin rajistoci. Kafin kowane z, ka faɗa da bakinka abin da kake tsammanin A za ta zama. In ya saɓa, ka tsaya nan har ka gane dalili. Wannan ɗabi'ar ta fi kowane darasi da na karanta amfani.

Bayan kwana biyu ko uku monita za ta yi maka ƙunci, tunda ba ta barin ka gyara layi a tsakiya cikin sauƙi. Sai ka ɗauko manhajar da ke juya rubutu zuwa bayit. Akwai ACME, akwai 64tass, akwai KickAssembler mai buƙatar Java. Ni ACME na zaɓa saboda ba ta da nauyi. Kada ka ɓata mako kana auna su. Ga shiri na biyu:

* = $c000
 ldx #0
sake lda gaisuwa,x
 sta $0400,x
 inx
 cpx #5
 bne sake
 rts
gaisuwa !byte 19,1,14,14,21

Ka juya shi da acme -f cbm -o sannu.prg sannu.asm, ka loda fayil ɗin a VICE, ka kira SYS 49152. SANNU za ta fito a kusurwar sama ta hagu. Allon layi 25 ne, kowane layi harafi 40, gurbi 1000 ke nan a jere daga $0400, kuma a lambobin allo A ita ce 1, S ita ce 19. X ce ke ƙirga: tana ƙaruwa, ana gwada ta da 5, in ba ta kai ba BNE ya mayar da mu baya, wato zagaye ke nan.

Abu biyu za su cije ka nan gaba. In za ka yi tarawa da ADC, sa CLC a gabansa, in ba haka ba ragowar lissafin baya za ta ƙara maka 1 ba ka sani ba. In kuma ka manta RTS, firosesa za ta zarce tana karanta duk abin da ta tarar a matsayin umarni, har injin yana iya sandarewa. A nan kwaikwayo ya fi injin gaske daɗi: ka sake kunna shi cikin daƙiƙa, rubutunka na nan a laftof.

Za ka lura babu ƙ, ɗ da ɓ a haruffan injin. Wannan shi ne aikin da nake ba da shawarar ka sa a gaba bayan ka iya zagaye. Kowane harafi bayit takwas ne, ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance. Ana kwafo haruffan asali zuwa ma'adanar da ake iya rubutawa, a canza $D018 don na'urar hoto ta duba can, sannan a ɗauki k a lanƙwasa mata kai. Ni a takardar lissafi mai gida-gida na fara zana tawa ƙ, na cike gidajen da biro, na juya kowane layi zuwa lamba. Sau huɗu na gyara ƙugiyar kafin ta daina kama da R, kalmar farko da na rubuta da ita kuma ita ce ƙofa.