Kada a haɗa sabuwar akuya da garke nan take

'Yan uwa masu kiwo, don Allah in kun sayo akuya ko tunkiya, ku ɗaure ta gefe guda na sati 3, da kwanon ruwanta daban. Kullum da safe ku duba hancinta ko akwai majina, da ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya ɓata. Ku ɗan ja fatar idonta ta ƙasa: in ciki ya yi fari fat maimakon ja, jini ya ragu, galibi tsutsar ciki ce. Ni na taɓa yin sakaci da wannan, awaki 4 na rasa, har yau abin na ci mini rai. Kafin ta shiga cikin sauran, likitan dabbobi ya ba ta maganin tsutsa da rigakafi.