Kafin ka rufe murfin jirgin nutsonka: kurakuran magana da na sama

Mutum zai shekara uku yana walda a gareji, ya zuba kuɗi a gilashin leƙe da batura, sai ana saura mako guda a jefa jirgi ruwa ya tuna bai tanadi yadda zai yi magana da na sama ba. Sai ya ruga ya sayo oba-oba. Na ga haka har na gaji.

Oba-oba ba ta aiki a ƙarƙashin ruwa. Ruwa yana shanye igiyar rediyo, na gishiri ma ya fi haɗama, da eriya ta nutse magana ta ƙare. Ajiye rediyon VHF, wato na jiragen ruwa, don lokacin da ka taso, ka riƙe tasha ta 16 ta neman agaji. A ƙasa kuwa sauti ne ke tafiya, wajen mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Wayar sojojin ruwa da ake kira Gertrude tana ɗora murya kan sauti mai kilohaz 8 da 'yan kai. Ta masu nutso, irin Buddy Phone na kamfanin OTS, tana kan kilohaz 32.768, kuma ita ce aljihunmu ke iya ɗauka, musamman ta hannu. Kada dai ka sayo ta sama daban ta ƙasa daban ba ka duba ko bakinsu ɗaya ba.

Yanzu ga kuskuren da ya ƙona ni. Muna haɗa jirgi mai cin mutum ɗaya da wani abokina, irin zanen K-250 na George Kittredge, ni ke da aikin wayoyi. Ƙwayar da ke aika sauti cikin ruwa tana da tsada, sai na ɓoye ta a ƙarƙashin jirgin, tsakanin ƙafafunsa, wai don kada ta bugu. A wurin iyo muka gwada, murya tangaran, har ina yi wa kaina kirari. Ashe bangon siminti ne ke maido mana da sautin. Ranar da muka je tafki, abokina ya sauka mita 12 ya zauna kan taɓo, shiru kake ji. Gangar jirgi cike take da iska, sauti ba ya ratsa ta, abin da ya yi ƙasa kuma laka ta haɗiye. Ina cikin kwalekwale ina ta kiran sunansa, hannuna na rawa, shi kuwa yana can yana kallon kifi. Minti ashirin ɗin nan har yau ba na son tuna su. Bayan haka sai da muka huda sabon ƙofar waya a sama, aka sake gwajin matsi daga farko, damina guda ta tafi a banza.

Saboda haka ku ji ni da kyau, ku masu son kwalliya. Ƙwayar nan a sama take zama, bayan murfi, kan ɗan sanda, nesa da inda kumfa ke fita, don kumfa ma makashin sauti ce. Ta kwalekwale kuma a ɗaura mata nauyi a zura ta ƙasa sosai. Ni nakan wuce da ita inda ruwan ɗumi ya haɗu da na sanyi, saboda wurin yana karkatar da sauti. Kuma a kashe injin kwalekwale! Mutum ya bar inji na ruri sannan ya ce wai kaya ne jabu.

Sai kuma rowar batir. Ka jona wayar magana kan batirin farfela, to duk lokacin da ka ba ta wuta kukan injin za ka sha a kunne. Wasu suna sa matatar wuta su ce ta ishe su. Ni ban yarda ba, ɗan batir nata na kanta nake ba ta, wayarta mai sulke, ba ta bin hanya ɗaya da manyan wayoyi. Ko babban batir ya mutu, bakinka na nan.

Sauran ƙanana ne. Kashe tsarin da ke buɗe layi da jin murya, fankar tace numfashi za ta riƙe shi a buɗe. Maɓallin dannawa ya fi. Cikin jirgi ƙarfe na zufa, sa allon na'urar a akwati mai rufi. Ramin waya ba na gam ɗin banɗaki ba ne, kowace mita 10 matsin ruwa na ƙaruwa da nauyin iskar duniya guda. Yi magana a hankali, gajeru, ka jira amsa.

Sai guduma. Nawa ƙa'idar, ba wanda zai shiga sai da ƙaramar guduma ɗaure a gefen kujera da takarda manne a bango: bugu ɗaya lafiya lau, biyu ina tasowa, bugu ba tsayawa a kawo ɗauki. Duk minti biyar nake kira, in na kira sau biyu ba amsa, na ƙasa ya san dole ya taso, ko da kifin zinariya yake kallo.