Yadda Ake Zaɓar Wiski da Ɗanɗana Shi: Single Malt da Na Gauraye

Mai sayen wiski karo na farko yakan duba abu biyu, shekarun da aka rubuta a jikin kwalba da kuma tsadarta. Babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya maka ɗanɗanon abin da ke ciki. Abubuwan da ke gina ɗanɗano uku ne: hatsin da aka yi shi da shi tare da irin tukunyar da aka tace shi, gangar da ya kwanta a ciki, sai kuma ko an busar da sha'irin da hayaƙi ko a'a. Wanda ya iya gano waɗannan a takardar jikin kwalba, da wuya ya sayo abin da zai ƙare a bayan kabad.

Abin da ke bayan sunayen

A Sikotlan doka ce ta tsara waɗannan sunaye, dokar shekarar 2009. Kafin a rubuta Single Malt a kwalba, sai wiskin ya fito daga matata guda ɗaya, an yi shi da ruwa da yis da sha'irin da aka jiƙa ya tsira aka busar, ba tare da wani hatsi ba, an kuma tace shi a tukwanen jan ƙarfe. Dole ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katakon itacen ok (oak) da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin Sikotlan, kuma ƙarfin barasarsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin 100. A lura, matata ɗaya aka ce, ba a ce ganga ɗaya ba. Kwalbar Glenfiddich mai shekara 12 haɗin ganguna ne masu yawan gaske na matatar. Wanda ya fito daga ganga ɗaya tak, Single Cask ake rubuta masa.

Na gauraye, wanda ake rubuta wa Blended Scotch Whisky, haɗi ne na wiskin sha'ir daga matatu daban-daban da wiskin hatsi. Shi wiskin hatsi da alkama ko masara ake yin sa, a ƙara ɗan tsirarren sha'ir, a tace shi a doguwar na'ura mai aiki ba tsayawa, irin wadda Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830. Na'urar tana fitar da barasa mai ƙarfi ƙwarai, sama da kashi 90, saboda haka ɗanɗanonta sassauƙa ne, mai ɗan zaƙi. Tukunyar jan ƙarfe kuwa tana tsayawa a wajen kashi 70, ta bar maiƙo da ƙamshi masu nauyi a ciki. Andrew Usher na Edinburgh yana cikin waɗanda suka fara haɗa wiski don kasuwa a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau mafi yawan wiskin Sikotlan da ake sayarwa a duniya na gauraye ne: Johnnie Walker, Chivas Regal, Ballantine's, Dewar's, The Famous Grouse.

Akwai na tsakiya, Blended Malt, wato wiskin sha'ir zalla daga matatu fiye da ɗaya, babu na hatsi a ciki. Monkey Shoulder da Johnnie Walker Green Label suna wannan rukuni, kuma su ne hanya mafi sauƙi ga mai son tsallakawa daga na gauraye zuwa Single Malt.

Ra'ayin da ya yaɗu cewa na gauraye na baya ne, zalunci ne ga masu wannan sana'a. Mai haɗi yana aiki da wiski iri-iri, wani lokaci har goma-goma, kuma ana so kwalbar bana ta yi daidai da ta shekara goma da suka wuce, alhali gangunan ba su taɓa zuwa iri ɗaya ba. Single Malt yana nuna maka halin matata ɗaya da duk kaifinta. Na gauraye mai kyau yana ba ka daidaito. Wanda ke ɓata sunan rukunin shi ne mai araha sosai, wanda aka cika shi da wiskin hatsi ɗan shekara uku, mai zafi a maƙogwaro da ɗanɗano gajere.

Ganga

A nan ya kamata mai zaɓe ya daɗe. Barasar da ta fito daga tukunya fara ce fat kamar ruwa. Launi da kaso mai yawa na ƙamshi daga katako suke zuwa.

Gangunan da suka fi yawa su ne waɗanda aka taɓa zuba bobon, wato wiskin masara na Amurka, a ciki. Dokar Amurka ta ce bobon sai a sabuwar gangar da aka babbaka cikinta, don haka bayan amfani ɗaya sai a sayar da su, Sikotlan ta kwashe. Suna ɗaukar kimanin lita 200, suna ba wiski launin ruwan zinariya mai haske da ƙamshin banila, zuma, kwakwa, tuffa da ɓawon lemo. Glenmorangie Original misali ne mai kyau, haka The Glenlivet mai shekara 12 yana karkata ta wannan ɓangare.

Na biyu su ne gangunan sheri, wata giyar inabi mai ƙarfi daga ƙasar Sifen, waɗanda babbarsu ke cin kimanin lita 500. Wiskin da ya kwanta a cikinsu yana yin duhu, yana ɗaukar ƙamshin zabibi, busasshen ɓaure, dabino, kirfa, kanumfari da cakulan mai ɗaci. GlenDronach, Glenfarclas da Aberlour sun shahara da wannan. Matsalar da akan samu a wasu gangunan sheri ita ce warin farar wuta, kamar ashanar da aka ƙyasta yanzu. Wasu hancinsu ba ya kama shi sam, wasu kuma ɗigo ɗaya ya ishe su su ture kofin. Idan kana cikin na biyu, ɗanɗana kafin ka sayi kwalba.

Ka lura da kalmomi biyu. First Fill na nufin wannan ne karon farko da aka zuba wiskin Sikotlan a gangar, saboda haka tasirin katakon zai yi ƙarfi. Finish kuma na nufin wiskin ya yi mafi yawan shekarunsa a ganga ɗaya, aka juye shi cikin wata ta sheri ko ta ruwan inabi na wasu watanni ko 'yan shekaru. Idan aikin ya yi kyau ɗanɗanon biyu kan haɗu. Idan an yi gaggawa za ka ji zaƙi a sama, ɗanyen wiski a ƙasa.

Launi kaɗai kada ya ruɗe ka. Doka ta yarda a ƙara kalar karamel mai lamba E150a don daidaita launi, saboda haka duhun kwalba ba shaidar tsufa ba ne. Masu guje wa kalar sukan rubuta Natural Colour.

Hayaƙi

Fit ƙasa ce baƙa ta fadama, ragowar ciyayi da gansakuka da suka ruɓe suka danne cikin dubban shekaru. Ana yanko ta a busar, a ƙona ta a ƙarƙashin tsirarren sha'ir, hayaƙin ya kama ƙwayar. Daga nan ne warin hayaƙi, toka, kwalta da ɗan warin magani ke shiga wiski. Tsibirin Islay na Sikotlan ne gidan wannan salo, da matatu irin su Laphroaig, Ardbeg da Lagavulin. Amma ba duk na tsibirin ke da hayaƙi ba, domin yawancin kwalaben Bunnahabhain da na Bruichladdich da ke ɗauke da sunan matatar kusan babu shi a cikinsu. Wannan ya isa ya nuna cewa sunan yanki, ko Speyside ne ko Highland ko Lowland ko Campbeltown, ishara ce kawai, ba alkawari ba.

Wanda bai saba ba kada ya fara da Laphroaig mai shekara 10. Ya fara da Highland Park mai shekara 12 daga Orkney, inda hayaƙin ke laɓe a bayan zuma, ko Johnnie Walker Black Label. Daga nan Talisker mai shekara 10 na tsibirin Skye, mai yaji kamar masoro. Idan waɗannan sun karɓe shi, ƙofar Islay a buɗe take.

Shekaru da ƙarfi

Lambar shekarun da ke jikin kwalba ta wiski mafi ƙuruciya ce a cikin haɗin. Wiski ba ya ƙara tsufa bayan an ɗura shi a kwalba. A ganga kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ke tsirarewa ta jikin katako kowace shekara a yanayin Sikotlan, kuma wannan asarar tana cikin dalilan tsadar mai shekaru da yawa. Tsada dai ba daɗi ba ce. Wiskin da ya wuce kima a ganga mai ƙarfi yakan yi bauri da ɗacin katako, hayaƙi kuma yana lafawa da tsufa, shi ya sa masu son hayaƙi sukan fi jin daɗin mai shekara 8 zuwa 12. Tsakanin shekara 10 da 15 ne yawanci ake samun abin da ya dace da kuɗinsa.

Lambar ƙarfi ta fi ba da labari. A ƙasa da kashi 46, wiski yakan yi hazo idan ya yi sanyi ko aka zuba masa ruwa, saboda maiƙon da ke cikinsa yana dunƙulewa. Don kauce wa haka kamfanoni sukan sanyaya shi su tace maiƙon. Wanda aka bari da maiƙonsa ana rubuta masa Non Chill-Filtered, galibi yana kashi 46 ko sama, kuma masu sha da yawa suna jin ya fi cika baki. Hazon ba lalacewa ba ne. Cask Strength kuma shi ne wanda aka ɗura da ƙarfinsa na ganga ba a sirka ba, sau da yawa tsakanin kashi 55 da 65, kamar Aberlour A'bunadh. Irin wannan an yi shi ne don mai sha ya sirka da kansa.

Zama da kofi

Kofin da ya dace shi ne mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin na Glencairn, domin yana tara ƙamshi ya kai shi hanci. Faffaɗan tambulan yana watsar da shi. Ka ɗauraye kofin sosai, ragowar sabulu tana kashe ƙamshi.

Zuba mililita 20 zuwa 25, ka bar shi ya huta minti biyar zuwa goma. Kada ka cusa hanci cikin kofin ka ja numfashi da ƙarfi, tururin barasa zai daƙile hancin na wani lokaci. Riƙe kofin ɗan nesa da hanci, baki a ɗan buɗe, ka shaƙa a hankali sau biyu ko uku, kana matsowa. Kurɓar farko ƙarama ce, aikinta ta saba wa harshe da zafi, kada ka yanke hukunci da ita. Ta biyu ka riƙe ta a baki daƙiƙa biyar zuwa goma, ta zaga harshe duka, sannan ka haɗiye ka fitar da numfashi ta hanci. Abin da ya saura bayan haɗiya, tsawonsa da tsabtarsa, shi ne ma'auni mafi gaskiya na inganci. Mai rauni yana ɓacewa nan take ya bar zafi kawai.

Sai ruwa. Ruwa marar sanyi, marar warin kulorin, ɗigo uku ko huɗu da farko, a juya kofin a sake shaƙa. Masu haɗa wiski a matatu sukan sirka shi har kusan kashi 20 idan suna gwada ƙamshi, don haka babu abin kunya a ƙara ruwa. Ga lissafi: mililita 25 mai ƙarfin kashi 60 yana buƙatar kusan mililita 8 na ruwa, cokalin shayi ɗaya da rabi ke nan, kafin ya sauko kashi 46. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin ba a iya cirewa. Tsohon wiski mai kashi 40 ba ya jure ruwa, ɗan kaɗan zai sa ya yi lami.

Ƙanƙara tana danne ƙamshi, tana kuma sirka wiskin yayin da take narkewa. Idan ana son sanyi, dunƙule ɗaya babba ya fi ƙanana da yawa, saboda ya fi jinkirin narkewa. Na gauraye ya fi dacewa da wannan, haka kuma da haɗin soda da Japanawa suka ƙware a kai: a cika dogon kofi da ƙanƙara, a zuba wiski mililita 50, a bi da ruwan soda mai sanyi mililita 150 ta gefen kofin, a juya sau ɗaya a hankali don kada iskar ta fice.

Mai son ya koyi bambanci da sauri ya jera kofi uku, mililita 15 kowanne: na gangar bobon, na gangar sheri, da mai hayaƙi. A bi su a wannan jeri. Idan aka fara da mai hayaƙi, sauran biyun ba za su ɗanɗanu ba. A kurɓi ruwa tsakaninsu.

Kan yawan sha, mililita 25 na mai kashi 40 yana ɗauke da mililita 10 na barasa zalla, abin da hukumomin lafiya na Birtaniya ke kira awo ɗaya. Shawararsu tun 2016 ita ce kada a wuce awo 14 a mako, a kuma rarraba su cikin kwana uku ko fiye. Awo 14 ɗin rabin kwalbar mililita 700 mai kashi 40 ke nan. Mai kashi 60, mililita 25 ɗinsa awo ɗaya da rabi ne, abin da mutane da yawa ke mantawa. Kada a sha da yunwa, kada a tuƙa mota bayan sha, kuma mai ciki da mai ciwon hanta da mai shan maganin barci su nisance shi gaba ɗaya.

Ajiya da jabu

Kwalbar wiski a tsaye ake ajiye ta. Idan aka kwantar da ita, barasar mai ƙarfi tana cin toshiyar har ta rududduge ta ɓata ɗanɗano. A nisanta ta da hasken rana da wurin da zafi ke hawa da sauka. Wadda ba a buɗe ba tana iya shekaru masu yawa lafiya. Wadda aka buɗe, matuƙar tana sama da rabi, takan yi shekara ɗaya ko biyu ba wani canji sosai. Da zarar ta koma kashi ɗaya cikin uku, iskar da ke ciki ta yi yawa, ƙamshi zai fara dusashewa cikin 'yan watanni, hayaƙi ne ma kan fara tafiya. Maganinsa a juye ragowar cikin ƙaramar kwalbar gilashi mai tsabta da marfi mai kamawa.

Manyan sunaye su ne 'yan jabu suka fi kwaikwaya, sau da yawa ta hanyar sake cika tsohuwar kwalba ta gaske. Duba hatimin marfi ko an taɓa karya shi, duba ko takardar ta karkace ko rubutunta ya dushe, ka nemi lambar ɗuri da aka buga a jikin gilashin, ka kuma kwatanta tsayin ruwan da na sauran kwalaben irinta. Araha da ta wuce hankali ita ma alama ce. Haɗarin ya wuce na asarar kuɗi, domin wasu jabun suna ɗauke da metanol, wani nau'in barasa mai guba, wanda kaɗan daga cikinsa ke iya makantar da mutum ko ya kashe shi, kuma alamunsa, ciwon kai mai tsanani, amai da dishi-dishin gani, sukan jinkirta sa'o'i da yawa kafin su bayyana. Duk wanda ya ji haka bayan shan abin da yake shakka a kansa, a kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar.